Dokar Boko Zalla ko Haɗe da Shari'a: Wane Digirin Lauya Ya Dace da Ɗan Kebbi?

Ranar wata Asabar, bayan fitowar sakamakon sakandare, yayata ta taso daga Jega ta iske ni ofis a Birnin Kebbi da takardun ɗiyarta a cikin baƙar leda. Yarinyar na biye da ita, kai a sunkuye. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Barista, wagga ɗiya taka ta hana mu kwana. Ita dai lauya. Babanta kuwa ya ce in shari'a taka so, ta tahi ta karanta ilimin addini, duk ɗaya na. Mi kag gani?”

Na ce, “Yaya, ba ɗaya ba ne, amma ku zauna tukuna a kawo ruwa.” Maganar da na zaci ta minti goma ce sai da ta kai mu la'asar. Da yake kuma duk shekara tambayar nan sai ta dawo mini ta bakin wani, na ga gara in zauna in rubuta amsar sau ɗaya.

Yarinyar ma ta zo da nata ruɗanin, wanda ta kwaso a waya. Ta kalli bidiyon 'yan Amurka suna cewa mai son zama lauya ya fara karanta tarihi ko falsafa ko tattalin arziki. A can haka ne, domin a Amurka sai ka gama digirin farko na shekara 4 a kowane fanni sannan ka shiga makarantar lauya ta shekara 3. Mu kuwa tsarin Ingila muka gada, inda lauya digirin farko ne, LLB, daga sakandare ake shigarsa. Shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, 4 ga wanda aka ɗauka kai tsaye a aji biyu. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka buɗe a Legas a 1963, hedikwatarta ta koma Bwari ta Abuja a 1997, tana da rassa a Legas, Inugu, Yenagowa, Fatakwal, Yola da Bagauda ta jihar Kano. Wanda ya ci jarrabawarta, majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da shi, a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Daga ranar nan ake kiransa lauya, ko da kuwa digirinsa ya shekara uku a akwati kafin nan. Don haka duk abin da za a rubuta a fom, a fara tambaya: wannan hanya tana kai mutum ƙofar makarantar nan?

Da wannan na auna maganar Malam, mijin yayata. Digirin ilimin addinin Musulunci, ko na Larabci, ko diflomar shari'a irin wadda kwalejojin shari'a na Sakkwato da Kano ke bayarwa, karatu ne mai daraja kuma yana da nasa abincin. Masu shi ne ke zama alƙalan kotunan shari'a, magatakarda, malaman makaranta, ma'aikatan hukumar zakka da waƙafi irin ta Zamfara. Mai karatun shari'a yana iya kaiwa har kujerar Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, domin sashe na 276 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar ƙofa biyu a buɗe: ko lauya mai shekara 10 da rantsuwa wanda ke da shaidar karatun shari'ar Musulunci, ko wanda ba lauya ba amma ya riƙe irin wannan shaida shekara 10, kuma ya goge a aikin ko ya shahara a ilimin. Sai dai iyakarsa ke nan. Ba zai tsaya wa kowa a Babbar Kotu ba, ba zai zama alƙalinta ba, ba zai zama Antoni Janar ba. Haka wanda ya dawo da digirin shari'a daga Madina ko Azhar. Malami ne, a gaishe shi, amma in lauya yake so sai ya dawo ya nemi LLB. Na ga masu furfura da suka yi haka, suna zaune aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansu.

Ga 'ya mace kuma akwai ƙarin magana, wadda na aika wa Malam ta bakin Yaya domin na san zai fi kowa gane ta. Mazhabar Malikiyya ta sharɗanta alƙali ya zama namiji, kuma a kan haka kotunan shari'armu ke tafiya. Ke nan babban amfanin wancan karatu a harkar kotu, wato kujerar alƙali, ba ita za a bai wa ba. Ta ɓangaren LLB kuwa hanya a share take. Mai Shari'a Amina Adamu Augie ta zauna a Kotun Ƙoli daga 2016 zuwa 2023. Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a, mace ce ta daɗe a kujerar Babban Jojinta, Mai Shari'a Kulu Aliyu.

To saura biyu, kuma nan zaɓin gaske yake. Akwai LLB na dokar boko zalla, wato dokar da muka gada daga Ingila da dokokin da majalisunmu suka yi. Akwai kuma LLB da ya haɗa wannan da shari'ar Musulunci. Jami'ar Ahmadu Bello, a harabarta ta Kongo a Zariya, ta raba su gida biyu, ɗalibi ya zaɓi nasa. Ilori ma haka. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Bayero ta Kano kuwa haɗaɗɗen suke koyarwa.

Iyaye da yawa suna zaton mai haɗaɗɗe rabin lauya ne, wanda kotun shari'a kaɗai zai iya shiga. Ba haka ba ne. Akwai darussan da dole kowa ya ci kafin Makarantar Lauyoyi ta karɓe shi: tsarin mulki, ƙulla yarjejeniya, laifuffuka, diyyar ɓarna, dokar ƙasa da filaye, shaida, kasuwanci, kamfanoni, amana, falsafar doka da sauransu. Mai haɗaɗɗe ba a rage masa ko ɗaya daga ciki ba. Ƙari aka yi masa: usulul fiƙhi, aure da saki, gado da wasiyya, mu'amala, haddi da ƙisasi, ƙa'idojin ƙara da shaida a Musulunci, ayoyi da hadisan hukunci, da Larabci. Shi kuwa mai zalla, wannan gurbin yake cikewa da darussan zaɓi irin dokar man fetur, haraji, ƙwadago, banki da inshora, haƙƙin mallakar fasaha, ko dokar ƙasa da ƙasa. Rantsuwarsu ɗaya, hular gashinsu ɗaya. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2019 zuwa 2022, ɓangaren shari'ar Musulunci ya karanta a Zariya.

Ni zallar na karanta, kuma lokacin ina ganin na yi wayo. Na ce ai Legas ko Abuja zan zauna, me zai haɗa ni da rabon gado? Rashin lafiyar mahaifina ta dawo da ni gida bayan bautar ƙasa, na samu gurbi a ofishin wani dattijon lauya. Cikin ayyukan farko da aka ba ni akwai ɗaukaka ƙarar wani manomi da aka ƙwace wa gonar gado a wata kotun shari'a. Na kwana biyu ina rubutu. Na jero dalilai shida, duk a kan nauyin shaida, ina kafa hujja da dokar shaidar da na haddace. Maigidana ya karɓa, bai ko duba nawa ba. Kwafin shari'ar ya ɗauka, ya buɗe shafin ƙarshe, ya bi da yatsa, ya ɗago ya ce, “Ina izari?” Na yi shiru. Shekara shida ina karatun lauya ban taɓa jin kalmar ba.

Izari shi ne alƙali ya tambayi mai shari'a, kafin ya yanke hukunci, ko yana da sauran hujja ko wata magana. In bai yi ba, hukuncin ya ɓaci. Alƙalin nan bai yi ba. Da wannan dalili guda aka rushe hukuncin aka ce a sake shari'a, dalilaina shida ko kallonsu ba a yi ba. A ranar kuma na koyi cewa dokar shaida ta tarayya, wadda aka sabunta a 2011, ba ta ma ɗaure waɗannan kotuna a shari'ar da ba ta laifi ba. Nasu ma'aunin daban ne: shaidu biyu adalai, ko shaida ɗaya da rantsuwa a kan dukiya, da sauran ƙa'idojin da mai zalla bai taɓa zama a kansu ba.

Wanda zai buɗe ofis a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri ko Gusau ya zauna ya lissafa abin da ke shigowa ta ƙofa. Gado. Gonar da wani ya shekara yana nomawa, magada suka taso. Khul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure, ciyarwa, riƙon yara. Gidan da ɗan'uwa ya sayar da kasonsa, abokin tarayya ya ce yana da shuf'a, wato shi ya fi bare cancantar sayen kason. Kyautar da uba ya yi wa ɗa guda kafin ya rasu, sauran suka ce ba a damƙa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hukuncinsa a littattafan Malikiyya, kuma su alƙalai ke buɗewa: Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil, Tuhfa ta Ibn Asim da sharhohinsu. Mas'alar hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum, kaɗai ta isa misali. Bare da ya riƙe gona shekara 10 mai ita na gani bai yi magana ba, ƙarar mai gonar ta raunana; tsakanin dangi kuwa sai an kai shekara 40. Lauyan da bai san wannan bambanci ba zai karɓi kuɗin mutum a kan shari'ar da ta mutu tun kafin a shigar da ita. Gado kuma lissafi ne tsagwaronsa. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: a raba dukiya 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, sauran 17 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Wannan mai sauƙi ke nan. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, sai ka ga rabin miji da kashi biyu bisa uku na 'yan'uwa sun fi ƙarfin dukiyar, dole a raba ta 7 maimakon 6. Duk yaron da ya gudo lauya don tsoron lissafi, a nan zai iske shi yana jira. Tun kuma da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, dokar laifuffukanta ta fara aiki a Janairun 2000, Kebbi ta bi sahu a cikin shekarar, kotunan nan suka shiga hukunta laifi ma. A zamanin En'e lauya ba ya taka kotun alƙali. Yau kullum muna ciki.

Amma kada malamai su yi dariya da wuri, domin fiƙihu shi kaɗai ma yana kayar da mutum. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali: aure, saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado da makamantansu. Rigimar mallakar fili da ba ta gado ba, wadda mutum biyu kowa ke cewa nasa ne, ba ta ciki. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. An sha ganin mutum ya yi shekaru yana sintiri, ya ci shari'a a gaban Kadi, a je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Sakkwato, wadda ke sauraron ƙararrakin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, a ce tun asali kotun ba ta da hurumi, komai ya rushe. Shari'ar da ta girgiza duniya ma, ta Safiya Hussaini, matar da aka yanke wa hukuncin jifa kan zina, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallama a Maris na 2002, cikin dalilan da suka kuɓutar da ita akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki, ga kuma kura-kuran da kotun farko ta yi a bin ƙa'idar shari'a. Aikin lauya a ƙasar nan tamu a kan wannan mahaɗa yake zaune, kuma haɗaɗɗen digiri don ita aka yi shi.

Har can sama ma yana da riba. Mai haɗaɗɗe in ya cika shekara 10 da rantsuwa yana iya neman kujerar Babbar Kotu, yana iya neman ta Kadi. Mai zalla ɗaya kawai gare shi. Sashe na 237 ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ta iyali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sashe na 288 kuma ya ce a kula da samun irinsu har a Kotun Ƙoli. Ga sabuwar kasuwa da ba ta nan lokacin da muke ɗalibai: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017, wasu bankunan marasa ruwa da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, sun biyo baya. Duk suna neman wanda ya san dokar kamfanoni ta 2020 kuma ya san bambancin murabaha, wato sayarwa da ribar da aka bayyana, da ijara, wato haya.

To wa zalla ta dace da shi? Akwai su, kuma ba kaɗan ba. Yaron da ya ƙudura cewa harkar mai da iskar gas, ko haraji, ko manyan kamfanoni zai yi, kuma yana da inda zai sauka a Legas ko Abuja, darussan zaɓin nan za su fi yi masa amfani. Manyan ofisoshin lauyoyi na can matakin digiri suke fara dubawa, kuma a nan haɗaɗɗe ke cizo. An ce taura biyu ba ta taunuwa. Tana taunuwa, amma da ciwon muƙamuƙi: darussa sun fi yawa, jarrabawa ta fi yawa, kuma faɗuwa ɗaya a Larabci tana iya jan makin ɗalibi ƙasa har ya fita daga matakin da suke so. Ɗan ƙasar Zuru wanda ba Musulmi ba, ko Musulmin da bai taɓa zama a gaban allo ko Islamiyya da gaske ba, in aka tura shi haɗaɗɗe ba da son ransa ba, an ɗora masa kaya. Shari'o'in zaɓe da ke tashe duk bayan shekara huɗu, da na Babbar Kotun Tarayya, da na ƙwadago, ba su tambayar kowa fiƙihu. Kuma mai zalla yana iya cike giɓinsa daga baya. Ni bayan abin izari na koma zaure, kullum bayan asuba, wani malami ya biya mini Risala daga babin aure zuwa na gado, sannan Tuhfa. Ya ɗauke ni shekaru, kuma zaure ba ya ba da takarda. Mai son kujerar Kadi sai ya koma jami'a ya nemi shaida a rubuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsoron da yara ke ji ba a wurinsa yake ba. Larabci suke tsoro. Yaron da ya sauke, ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya taɓa Risala, yana da abin farawa, sauran a aji za a gina masa. Turanci ne ke kashe mu. Hukuncin Kotun Ƙoli guda yana iya kai shafi 50, da Turancin da ko Bature sai ya maimaita, kuma a mako ana son ka karanta da yawa. Makarantar Lauyoyi darussa biyar take koyarwa, shari'ar laifi, shari'ar da ba ta laifi ba, aikin filaye da kadarori, aikin kamfanoni, da ladubban sana'a, duk da Turanci, babu fiƙihu ko ɗaya. Ɗaliban da suka fito kwalejojin Larabci da sakamakon NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, sukan haskaka a gado da usulu, su yi ta dambe da dokar yarjejeniya. A kotun shari'a da Hausa ake magana, da Hausa ake rubuta kwafi, amma da ƙara ta haura Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya sai an juya komai zuwa Turanci. In an ce in zaɓi ɗaya da yaro zai gyara a shekarar da yake jiran shiga jami'a, Turanci zan ce, ya riƙa karanta jarida da littafi da ƙamus a gefe, yana taƙaita abin da ya karanta a rubuce.

Sai maganar ina. Ga ɗan Kebbi da ɗan Zamfara, Sakkwato ce gida. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, ta yaye lauyoyi da alƙalai da yawa da ke aiki a jihohin nan uku. Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi da ya riƙe Antoni Janar na tarayya daga 2015 zuwa 2023, can ya yi digirinsa. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Kebbi da Zamfara suna cikin rukuni na biyu a Sakkwato, suna kuma cikin na uku. Daga Birnin Kebbi tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, uwa tana iya aika garin kunu da safe ya isa kafin azahar. Zariya tana da tsufa da suna da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci, ita ce kuma ke ba da zaɓin zalla. Kano tana da yawan kotuna da ofisoshin lauyoyi inda ɗalibi zai laɓe lokacin hutu ya ga aiki da idonsa. Sai dai duka biyun cunkoson masu nema ya fi yawa, kuma ba wanda zai aika yaro ta hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa sau shida a shekara bai yi tunani ba. Yajin aiki kuwa bai bar kowa ba: na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Wannan ne ke tura masu hali jami'o'in kuɗi ko waje, kuma a nan ake yawan ƙonewa. Tsangayar lauya tana buƙatar amincewa biyu, ta hukumar jami'o'i ta NUC da ta majalisar kula da karatun lauya, wadda ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta ne ke zaman jiran layin Makarantar Lauyoyi shekara da shekaru. A farkon 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bisa matakin wannan majalisa. Kafin a biya ko kwabo, a nemi jerin sunayen da majalisar ta fitar a ga sunan jami'ar da adadinta. Karatun lauya na ƙarshen mako ko na daga gida ma majalisar ba ta yarda da shi. Wanda ya yi LLB a ƙasar da ke bin tsarin Ingila, kamar Yuganda ko Malesiya, sai ya yi ƙarin zango na farko a Makarantar Lauyoyi ya koyi dokokin Nijeriya kafin ya shiga sahun sauran. Digirin Kwatano kuwa, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, ban da cewa tsarin dokarsu na Faransa ne.

In ba a samu lauya a karon farko ba fa? Nan ake yawan yi wa yara gurguwar shawara: “Karɓi kimiyyar siyasa, in ka shiga aji biyu sai ka canza.” Saboda adadin nan da aka yanka, canjin da wuya yake samuwa, kuma akasari yaro ya ƙare da digirin da bai so ba. In ya dage sai ya dawo, lissafinsa ya zama shekara 4, da 1 ta bautar ƙasa, da 4 na LLB, da 1 ta Makarantar Lauyoyi, goma cif, alhali wanda ya bi miƙaƙƙiyar hanya 7 ya yi har da bautar ƙasa. Sake rubuta JAMB shekara ɗaya kawai yake ci. IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, kusan shekara ce ita ma, kuma wanda ya ci da maki mai kyau aji biyu zai nema, ke nan bai yi asarar komai ba, sai dai gurabun shiga kai tsaye ba su da yawa. Diflomar lauya tana da amfani ga ma'aikacin kotu, amma ba kowace jami'a ke karɓarta ba, a tambaya kafin a shiga. Digirin farko a wani fanni yana da ma'ana ga wanda ya riga ya yi shi, akawu ko injiniya ko malamin Larabci da ya ga yana son ƙarawa. Ba a tsara wa ɗan shekara 17 hanya ta nan.

Yaya ta tambayi kuɗi, na gaya mata gaskiya. Kitse ake gani ga rogo. Shekarun farko a ofishin wani, abin da sabon lauya ke samu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa da yawa ke neman aikin lauyan gwamnati a ma'aikatar shari'a ko majistare. Shekarar Makarantar Lauyoyi kuma ita ce mafi tsada a tafiyar: kuɗin makaranta, littattafai, baƙaƙen kaya, hular gashi da riga, kuɗin rantsuwa. Gwamnatin jiha takan tallafa wani lokaci, amma kada a gina lissafi a kai. A fara ajiya tun tana aji uku.

Saƙon Malam na ƙarshe shi ne wai lauya maƙaryaci ne, sannan za a cire wa ɗiyarsa hijabi. Na farko, wakilci a cikin husuma babi ne a littattafan da shi kansa yake karantarwa. Ƙarya kuwa halin mutum ce, akwai ta a kasuwar Jega ma. Na biyu an riga an yi wannan yaƙin. A Disamban 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsuwa saboda hijabinta, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da shi, kuma a kan haka ake tafiya.

Da na zazzage ledar, sai ga matsalar da ba wanda ya zo da ita a baki. Tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Gwamnati, Larabci da Addinin Musulunci. Adabin Turanci babu, ba faɗuwa ta yi ba, makarantarsu ce ba ta da malaminsa, ba a ma yi musu rajistarsa ba. Yawancin tsangayoyin lauya kuwa suna nemansa, a sakamakon sakandare da kuma cikin darussan JAMB. Ta ɗago kai a karon farko ta ce, “Kawu, ke nan shi ke nan?” Na ce a'a, za ta zauna NECO ta masu zaman kansu a Nuwamba da Disamba, kuma duka darussan za ta sake ba Adabi kaɗai ba, domin akwai jami'o'in da ke son sakamakon zama ɗaya. In fom ya fito, Sakkwato za mu sa a zaɓin farko, haɗaɗɗe. Kafin nan za ta dawo gidana, ta riƙa bina kotu Litinin da Laraba tana riƙe mini fayil, da yamma kuma ta je wurin malamin Adabi da na yi wa magana. Yaya ta ce sai ta ji ta bakin Malam. Ranar Talata ya kira ni da kansa, ya ce ya yarda, da sharaɗin Risalar da suka faro ba za ta tsaya ba, zai riƙa biya mata ta waya bayan isha'i.